Daga Litinin zuwa Asabar, ina bangaskiyar Kiristan Maraɗi take kwana?

Ranar Litinin kasuwar Maraɗi take ci, ta sake ci ranar Juma'a. Duk wanda azahar ta taɓa riska a cikinta ya san abin da ke biyo bayan muryar ladan. Mai atamfa ya ja ƙyalle ya rufe haja, mai hatsi ya kifa tiya a bakin buhu, ɗan kabu-kabu ya jingine babur ya shiga neman buta, kafin ka ankara sahu ya miƙe a gaban rumfuna. Ba a tambayar Musulmin Maraɗi inda addininsa yake zaune a cikin yininsa, don sau biyar yake nuna wurin. To shi fa telan da ke can kusurwa, wanda kekensa bai daina ƙara ba saboda Kirista ne? Jiya Lahadi ya sa farar riga, ya yi waƙa, ya ba da baiko. Yau Litinin da me za a gane shi?

Wannan tambaya ce ke yawo a tsakanin Kiristocin Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, ko da ba kullum ake furta ta haka ba. Tana fitowa a taron dattawan ikilisiya idan ana gardamar ko a sayi sabuwar lasifika ko a gyara rijiya. Tana fitowa idan fasto ya samu aikin furoje, aka fara ganinsa a mota fiye da yadda ake ganinsa a gidajen marasa lafiya. Amsoshi uku suka fi yawa. Wasu na cewa a ƙara wa'azi da ƙarfi. Wasu na cewa aikin taimako ya wadatar, shi ne wa'azin. Wasu kuma, waɗanda suka ga hayaƙi da idonsu, na cewa a yi shiru a bar kaza cikin gashinta.

Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba, kuma gara in faɗi matsayina tun yanzu. A gari irin Maraɗi, bangaskiyar Kirista tana zama ginshiƙin rayuwarsa ne idan ita ke hukunci a kan tiyarsa, bashinsa, gonarsa da yadda yake zama da matarsa, kuma idan aka tambaye shi dalili bai ɓoye sunan wanda yake bi ba. Lasifika da furoje da shiru duk suna da ranarsu, amma kowannensu yana iya zama mafaka ga mai gudun wannan hukunci.

A fara da lissafi, don shi ke sa maganar nan ta bambanta da ta Jos ko Kaduna. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Birnin Maraɗi a lokacin yana da mutum wajen 267,000, jihar kuma ta haura miliyan uku. Ma'ana, Kiristan Maraɗi ba shi da unguwar da zai ɓuya a cikin 'yan'uwansa. Mai gidan hayarsa Musulmi ne, mai ba shi bashi Musulmi ne, ungozomar da ta karɓi haihuwar ɗansa Musulma ce, sau da yawa kawunsa da gwaggonsa ma haka. Mutum ɗaya ya yi ƙarya a ciniki, sai a ce halin Kirista ke nan. Nauyi ne, amma kuma dama ce da Kiristan da ke zaune cikin dubban 'yan'uwansa ba shi da ita.

Tarihin ma yana da abin cewa. Mishan ɗin SIM ya shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare kuma David Osborne ya kafa zango a Tsibiri, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Abin da ya ja hankalinsu a kwarin Gulbin Maraɗi shi ne yawan masu addinin gargajiya da ƙarfin bori a fadar Gobir da ta Katsinar Maraɗi. Sun ɗauka ƙasa ce mai laushi. Ba ta zo musu da sauƙi ba. Da Hausa suka yi aiki, ba da Faransanci ba, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya zama makaminsu. Sannu a hankali aka samu tasha a Maraɗi da Jiratawa, asibitin Galmi a 1950, gidan jinyar kutare na Danja a 1956, makarantar noma a Maza Tsaye. Sai dai a tunanin yawancin turawan nan na farko, magani da karatu ƙofa ce kawai ta shiga wa'azi. Wannan tunani ya haifi abin da har yau ikilisiya ke fama da shi: Kiristocin farko da yawa ma'aikatan mishan ne, kuku, mai gadi, mai ɗaure ciwo, malamin makaranta, har gari ya sa musu suna 'yan mishan. Idan bangaskiyar mutum da albashinsa daga hannu ɗaya suke fitowa, wa zai iya rarrabe masa wanne yake riƙe da wanne? Ba zargi nake yi wa tsofaffin nan ba. Da yawansu sun rasa gado, sun rasa mata, dangi sun daina cin abinci da su, kuma ba su juya ba. Amma gadon haɗa Yesu da albashi ya wanzu, yau dai sunansa ya sauya.

Masu cewa a ƙara wa'azi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Suna cewa asibiti kowa na iya ginawa, Likitoci Marasa Iyaka ma sun yi jinyar yara a Maraɗi ba tare da sun buɗe Littafi ba. Abin da ikilisiya kaɗai ke da shi shi ne bishara, in ta yi shiru a kanta me ya rage mata? Gaskiya ne. Inda muka rabu shi ne a kan abin da suke kira wa'azi. Tun shekarun 1990, da aka buɗe fagen siyasa da na rediyo masu zaman kansu, sababbin majami'u irin na Fentikos suka shigo daga Najeriya da salo mai zafi: taron farkawa na dare, kayan sauti, alkawarin warkarwa da buɗi. A daidai wannan lokaci wa'azin Izala ma yana ƙara ƙarfi a garin. Murya ta haɗu da murya. A watan Nuwamba na 2000, lokacin da aka yi bikin nunin tufafi na FIMA a Yamai, zanga-zangar adawa da shi ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya, da gidajen mata masu zaman kansu, da gidan Iya mai riƙe da sarautar bori, da majami'ar Vie Abondante, da harabar SIM. Baturiyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta yi shekaru tana bincike a Maraɗi, da wannan tarzoma ta buɗe littafinta na 2006 a kan Kiristocin yankin.

Kada a fahimce ni a karkace. Wanda ya kunna wuta shi ke da laifin wuta, kuma babu wa'azin da ya halatta ƙona ɗakin ibadar wani. Tambayata ga masu lasifika daban ce: a cikin shekaru talatin na ƙara sauti, mutum nawa ne suka sauya ra'ayi a kan Kirista saboda an hana su barci? Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Maƙwabcin da ya ji an yi ta kiran sunan Yesu har ƙarfe biyun dare, da safe kuma mai kiran ya hana shi kuɗin da ya ranta masa tun kaka, wane wa'azi ne zai zauna masa a rai? Akwai kuma wata illar da ba a cika faɗa ba. Taron farkawa yana da daɗi, yana sa mutum ya ji ya cika da Ruhu, har ya ɗauka ya sauke nauyin mako. Sai Lahadi ta kumbura, sauran kwana shida su rame.

A nan ne labarin kututture ya shigo, kuma zan daɗe a kansa, don a ganina babu misalin da ya fi shi a duk ƙasar Katsina da Gobir.

A 1981 wani matashi ɗan Ostareliya mai ilimin noma, Tony Rinaudo, ya iso Maraɗi da iyalinsa a ƙarƙashin SIM. Aikinsa dashen itatuwa. Ƙasar ta riga ta zama fili: noman gyaɗa na zamanin Faransa, farin shekarun 1970, neman itacen girki, da koyarwar cewa manomin kirki shi ne mai share gonarsa ƙal, duk sun haɗu sun cinye dajin. Ya yi ta raino a gandu yana kai wa ƙauyuka, rana da awaki da gara da iska suna kashe mafi yawa. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ya kai ga yanke ƙauna, ya roƙi Allah ya gafarta wa mutane ɓarnar da suka yi wa halittarsa, ya kuma buɗe masa ido. A 1983, yana kan hanyar ƙauye da tirela cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda ya wuce dubbansa. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sassabe shi. Sabara, kalgo, gawo, magarya, miliyoyinsu na kwance a ƙarƙashin gonaki. Abin da ake buƙata wuƙa ce da haƙuri: a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Wannan shi ne abin da manoma suka sa wa suna sassabin zamani.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, aka yi musu dariya, aka sace musu itatuwan da dare. Sai yunwar 1984 ta zo. Mishan ya haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, aka kare itatuwa wajen dubu 500 a ƙauyuka kusan ɗari. Ga inda darasin yake: da aka daina rabon hatsi, kusan biyu cikin uku na manoman suka koma suka sare nasu. Kashi ɗayan da ya rage, waɗanda suka ga amfanin abin da idonsu, su ne suka yaɗa shi daga gona zuwa gona ba tare da an ba kowa ko tiya ɗaya ba. Bayan shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam da binciken masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka nuna fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Wani zai ce, to ina bangaskiya a nan? Ai ilimin noma ne, kuma yawancin waɗanda suka yi aikin Musulmi ne, wasu ma dabarar tun kakanninsu suka san ta. Duk na yarda, kuma yabon manoman ne kafin na kowa. Amma me ya zaunar da mutum shekara goma sha bakwai da 'yan kai a wurin da aikinsa na fari ya rushe? Me ya sa ya ɗauki gonar wanda ba zai taɓa shiga majami'a ba a matsayin amanar Allah? Mutumin bai raba addu'arsa da wuƙar sassabensa ba, bai kuma sa wa itacen sharaɗin baftisma ba. Kashi biyun nan da suka sare itatuwansu kuwa, duk fasto ya kamata ya riƙa tuna su. Abin da aka riƙe saboda hatsi, ranar da hatsi ya ƙare ake sakinsa, ko itace ne ko addini.

Wannan ya kawo mu ga rukuni na biyu, masu cewa aikin taimako ya isa. Su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Su kan nuna Danja, a cikin ƙaramar hukumar Jiratawa, inda aka yi shekaru ana wanke gyambon mutanen da danginsu suka gina wa bukka a bayan gari, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magungunan da ke warkar da kuturta a farkon shekarun 1980. A 2012 aka buɗe cibiyar ɗinkin yoyon fitsari a nan Danja, da ƙoƙarin likita Lewis Wall, wanda tun yana matashi ya yi bincike a kan maganin gargajiyar Hausa a ƙasar Katsina. Macen da miji ya sake ta saboda wari, ta koma gida a bushe da sabon zane, wa zai ce ba a yi mata bishara ba? Wasiƙar Yakubu ma, a sura ta biyu, ta yi kaca-kaca da mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai.

Matsalar ita ce aikin taimako yana da ubangida, kuma ubangidan ba ya zaune a Maraɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi daga Turai ko Amurka yana son rahoto, hotuna, lissafin waɗanda suka amfana, kuma yana da gaskiyarsa. Sannu a hankali sai mafi ƙwazon matasan ikilisiya su koyi yaren rahoto fiye da yaren addu'a. Fasto ya zama mai kula da furoje, wa'azin Lahadi ya zama abin da ake haɗawa daren Asabar bayan an gama cike takardu. Taron dattawa ya koma gardamar wa zai riƙe mabuɗin mota. Wanda yake ganin ƙari nake yi ya tuna abin da ya sami ikilisiyar EERN da aikin SIM ya haifa, wadda ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 ta dare, aka samu UEEPN da ikilisiyar Salama, kuma ba a kan Triniti ko baftisma aka rabu ba. Saɓanin shugabanci ne da tafiyar da dukiya. Jama'ar da ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba ta kasu uku a gaban maƙwabta masu kallo.

Sai dai a yi wa fasto adalci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai bisharar ƙauye da ya gama makarantar Littafi ta Agye, aka tura shi wurin da masu bi ba su wuce gida biyar ba, baikon Lahadi bai sayi tiya biyu ta gero ba, da me zai ciyar da 'ya'yansa? Ikilisiyar da ba ta biya fastonta ba ba ta da bakin zarginsa idan ya bi furoje. Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi. Bambancin shi ne tantin bai taɓa zama shi ne labarin ba. Labarin Marta da Maryamu a Luka sura ta goma ana yawan karanta shi kamar an tsawata wa mai aiki ne. A fahimtata abin da aka tsawata wa shi ne hidimar da ta yi yawa har ta manta baƙon da ake yi wa ita.

Rukuni na uku su ne na fi tausaya wa. A watan Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, tarzoma ta tashi a Damagaram ranar 16, ta kai Yamai washegari. Mutum goma suka mutu, kuma 'yan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai, saboda zanen da Kiristan Nijar bai yi ba, bai gani ba, bai kuma yarda da shi ba. A tsakiyar watan Yunin 2019 abin ya zo gida: bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin ibada, matasa suka ƙona majami'ar Assemblées de Dieu da ke unguwar Zariya a Maraɗi, da motar faston. Da aka saki limamin ya yi kiran a kwantar da hankali. Wanda ya kwashe toka da hannunsa, idan ya ce wa ɗansa kada ya faɗi sunansa na baftisma a makaranta, ni ba ni da ƙarfin halin kiransa matsoraci.

Amma shiru ma yana da farashi. Yaron da aka koya wa ɓoye addininsa daga Litinin zuwa Asabar, wata rana zai tambayi kansa amfanin fito da shi ranar Lahadi. Kuma ɓuya ba ta kawar da zargi, ƙara shi take yi, don abin da ba a sani ba shi ake ƙulla wa tatsuniya. Akwai hanya tsakanin ihu da ɓuya, kuma wata mata ta bi ta a nan Tsibiri. Uwa Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta bar shugabancin wata babbar ƙungiyar sistoci a ƙasarta ta zo Maraɗi, inda aka kafa dayosis na Katolika a 2001 ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo. A 2006 ta kafa ƙungiyar sistoci ta Servantes du Christ. Da rigarta da gicciyenta take shiga ƙauye, ba ta ɓoye ko ita wace ce ba. Ta tara masu gari da limamai da mata a kan maganar auren wuri, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma ta fi haka. Ta buɗe makaranta a Tsibiri da wurin ciyar da yara a Ɗan Bako. Limaman da suka zauna da ita ba su bar addininsu ba, ita ma ba ta rage nata ba. Ta rasu a 2021, aikin na ci gaba. (Na san wasu 'yan bishara za su ɗaure fuska don na kawo misalin Katolika. Su yi haƙuri. Mai ƙona majami'a ba ya tambayar ɗarika.)

To, a ƙasa, a ina ake wannan jarrabawa? Ba a manyan wurare ba ne.

A tiya ne. Maraɗi garin Alhazai ne, garin fatauci, kuma wanda ya shaida 2005 ya san yunwa na iya kashe yara alhali kasuwa cike take da gero. A shekarar nan Likitoci Marasa Iyaka sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Kiristan da ke sayen hatsi da kaka ya kulle sai tsakiyar damina, ko mai ba da tiya ɗaya a lokacin da rumbu ya ƙare don ya karɓi biyu bayan girbi, ko mai tiyar saye daban da tiyar sayarwa daban, yana iya zama shugaban mawaƙa. Annabi Amos ya yi magana a kan masu rage mudu tun ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu. Yaushe rabon da a ji wa'azi a kansa a Sabon Gari ko Ali Ɗan Sofo?

A fadamar Jiratawa ne, inda manoman zogale da tattasai ke rabon ruwan famfo bi da bi, kowa da ranarsa da kuɗin ruwan da zai biya ƙungiya. Wanda ya buɗe kwata da dare ya karkatar da ruwan maƙwabci, ko ya ƙi biyan nasa kason har aka yanke wa kowa wuta, ya riga ya yi wa'azinsa. A kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ne, inda kowane direba ya san farashin kowane shinge. A ɗakin jinya ne, inda ma'aikaciya ke da zaɓin ta duba matar ƙauye mara ko dala ko ta bar ta a kan benci har la'asar.

A gida ne kuma, kuma nan ya fi wuya. Yaro ya shiɗe da dare, kaka ta ce a kai shi wurin mai magani, ko a kira masu girka, don a Tsibiri bori ba labarin da ba ne. Uban da ya yi shaida a majami'a da safe, me zai yi da tsakar dare? Mace ta yi shekara biyar ba haihuwa, dangin miji suna zuga shi ya ƙaro ta biyu kamar kowa. 'Yarsa ta kai sha huɗu, samarin Kirista a ƙauyen ba su da yawa, tsoron kada ta auri wanda ba mai bi ba yana tura shi ya cire ta daga lakwal ya aurar da ita da wuri, daidai abin da yake sukan wasu da shi. Ga maganar naman layya, wadda ake sabunta gardamarta kowace babbar Salla: a karɓa ko a mayar? Ni ina tare da masu karɓa da godiya, su kuma aika da tuwon Kirsimati, don mayar da kwanon maƙwabci a ƙasar Hausa ba ƙaramar magana ba ce, kuma ban ga bangaskiyar da tsokar rago za ta kayar ba. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, ya ƙi ci, amma ya san yadda zai yi ba tare da ya kunyata mai aikowa ba.

In ana neman waɗanda suka fi kusa da amsar, a duba zumuntar mata. Ba su da mota, ba su da rahoto. Su ne ke zuwa barka da suna da gaisuwar mutuwa a gidan Kirista da na Musulmi, su ne ke haɗa adashi, su ke kwana da mai naƙuda, su ke rera waƙa da Hausar da kowa ke ji, kuma da addu'a suke buɗe duk abin da za su yi ba tare da sun nemi izini ko sun yi ihu ba. Abin mamaki, a yawancin majami'u su ne ba a tambaya idan za a yanke shawarar kuɗi.

Akwai abin da Kiristan Maraɗi zai koya daga maƙwabcinsa Musulmi ba tare da ya ji kunya ba, wato tsarin lokaci. Addinin da ba shi da sa'a a cikin yini, yini zai cinye shi. Tsofaffin masu bi na Tsibiri da Danja sun san sujadar asuba ta iyali, karatun sura ɗaya kafin a fita gona, addu'a kafin a zuba iri. Wayar hannu ta ci wannan lokaci a gidaje da yawa, aka maye gurbinsa da wa'azin wani fasto na Legas a WhatsApp, wanda bai san farashin tiyar gero a Maraɗi ba, yana alkawarin mota ga wanda ya shuka iri a asusunsa.

Shawarata ga dattawan ikilisiya ƙarama ce, ba ta buƙatar ko jika ɗaya daga waje. Kafin a naɗa mutum dattijo, ko ma'aji, ko shugaban matasa, a aika mutum biyu su je inda yake neman abinci ranar Litinin, su zauna, su gaisa da maƙwabtan rumfarsa, su tambayi wanda ya taɓa ba shi bashi da yaron da ke yi masa aiki. A tambayi matarsa ita kaɗai, ta bakin shugabar zumuntar mata. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta riga ta sa kyakkyawar shaida daga waɗanda ba 'yan ikilisiya ba cikin sharuɗɗan shugaba, saboda haka ba bidi'a na kawo ba. Na san dalilin da zai sa a yi ta jan ƙafa. A majami'u da dama, mai tiya biyun nan shi ne ya sayi kwanon rufin, kuma kujerarsa ce ta farko a gaban bagade.